Jan Kallabi a Bencin Jirgin Ruwa

A garin Magaria, a shekarar 1971, an yi wata yarinya mai ƙoƙari a makaranta. Ba ta da ƙiwuya, ba ta da ƙazanta. Aibinta ɗaya ne, amma kuwa ya isa aibi. Ba a gaya mata magana ta saurara har ƙarshe. Kana buɗe baki za ta ce, "Na sani." Abin haushi!

Ana gab da dogon hutu, babanta Malam Manzo ya dawo daga kasuwa yana fara'a. Ƙanensa Isufu, wanda ke aiki a Abijan, ya gayyace su hutu. Har ya biya musu kuɗin jirgin ruwa daga Kwatano. Za a tafi da Baba, da Inna Laraba, da yarinyar, da ƙanenta Rabe, wanda yake jariri.

Washegari kafin a buga ƙararrawa, duk makaranta ta ji labari. Malaminsu Mushe Yero ya kira ta. Shi ya taɓa shiga jirgin ruwa lokacin da ya je karatu Dakar.

Ya ce, "Zo in ba ki guzuri. Kada ki cika cikinki da abin mai kafin ki shiga jirgi. Ki riƙe citta da lemon tsami saboda jiri."

Ta ce, "Na sani, Mushe."

"In jirgi ya tsaya a wani gari kuka sauka, da kin ji ya yi busa..."

"Na sani, Mushe!"

Mushe Yero ya dube ta. Ya ce, "Ke da ba ki taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba? Baƙo ko da ido makaho ne. To, shi ke nan. Ki zo mana da katantanwar teku, 'yan lakwal, yaran makarantar nan, su gani."

Ta ce za ta kawo cike da ƙwarya.

Akwai wata al'ada a tashar Magaria. In ka sami wuri a mota kuma kana son sauka, sai ka bar hularka ko kallabinki a kan kujera. Wannan alama ce. Direba ba zai tashi ba. Sai ya aiki yaron mota ya bi rumfa rumfa yana kiran mai kaya. Haka ake yi a motar Waca, haka ake yi a ta Dungas. Yarinyar nan ta tashi ta ga ana yi, ta ɗauka duk duniya haka take.

Aka kama hanya, mota bayan mota. A Doso ta bar jan kallabinta a kujera, ta tafi sayen ƙosai. Mutane suna ta zufa a cikin mota, ita tana can tana zaɓen manya. Sai da yaron mota ya zo yana kira, "Ina mai jan kallabi?" Ta dawo tana taku ɗai-ɗai.

Inna Laraba ta ce, "Ke ko kunya ba ki ji? Mato guda na jiranki."

Ta ce, "Ai na bar alama, Inna."

Ranar da suka isa Kwatano, yarinyar ta ga teku, ta ga jirgi, bakinta ya ƙi rufuwa. Jirgin ya fi duk wani gini da ta taɓa gani. Da tsani ake hawansa. A ciki akwai ɗakuna da gadaje, da wurin cin abinci. A sama kuma akwai fili mai bencina, inda ake zama a sha iska.

Kafin su hau, ta sa Baba ya saya mata soyayyen kifi, ta cinye tas. Jirgi na fara lilo, cikinta ya juya. Ta yi ta amai har hawaye. Da Inna ba ta ƙullo citta a bakin zane ba, da ta ji jiki fiye da haka. Kuna tsammani ta yi hankali? Ina!

Da hantsi jirgi ya tsaya a Lome. Wani ma'aikacin jirgi ya yi sanarwa da Faransanci. Baba ya fassara wa Inna, don ita Hausa kaɗai take ji.

Ya ce, "An ce mai son sauka ya sauka. Amma da an ji busar farko kowa ya dawo. In an janye tsani, shi ke nan."

Inna ta ce, "Ku je, Malam. Ni kaina na juyawa, ga Rabe na barci."

Yarinyar ta kwance jan kallabinta. Ta shimfiɗa shi a kan benci, ta danne da takalmin wankanta don kada iska ta ɗauke. Ta yafa gyale, ta bi Baba.

A bakin ƙofar tasha, Baba ya tsaya cinikin ayaba da kwakwa. Ya ce, "Tsaya nan kusa da ni." Ta ce, "Na sani, Baba." Yana juya baya ta sulale. Ta bi gefen katanga har bakin teku, inda rairayi yake.

Ga katantanwa nan birjik, fara da ja da mai zane. Ta durƙusa tana tsinta tana zubawa a gyale. Ta ga wata can gaba ta fi kyau. Ta ga wata can gaba kuma.

Sai jirgi ya yi busa, buuuu!

Ta ji sarai. Ta ɗaga kai, ta taɓe baki. Ta ce, "Ku yi ta busa. Kallabina na can. In kun gaji kwa aiko yaron jirgi."

Shi kuwa Baba yana can cikin 'yan ayaba kamar zai haukace. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan. Jirgi ya sake busa. Mutane suna ta gudu suna hawa tsani. Ya zai yi? Ya hau ya bar 'yarsa a garin da ba ta san kowa ba? Da ƙyar wata mai tallan gyaɗa ta nuna masa bakin teku.

Ya same ta tana ta tsinta. Ya fizgi hannunta, suka sa gudu. Katantanwa na zuba, tana cewa, "Baba, tsaya in kwashe!"

Suna isowa, ga tsani an janye. Ga ruwa tsakanin jirgi da ƙasa, yana ƙara faɗi. Can sama, jikin ƙarfen da ake dafawa, ga Inna Laraba da Rabe a baya. Tana ɗaga hannu biyu. Bakinta na motsi, amma ba a jin abin da take faɗa.

To, ku ji ƙarfin hali. Maimakon yarinyar nan ta yi kuka, sai ta kama ƙugu. Ta fuskanci mai gadin tasha.

Ta ce, "Ku kira shi ya dawo! Na bar kallabina a kan benci! Wane irin direba ne wannan mara mutunci? Bai ga alama ba?"

Wani ɗan dako mai jin Hausa ya fassara wa mai gadi. Suka kwashe da dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Rufe mini baki!" Bai taɓa daka mata tsawa irin wannan ba. "Kin san abin da kika yi? Uwarki ba ta jin Faransanci. Takardunmu duka suna aljihuna. Ko sunan unguwar Isufu ba ta sani ba. In jirgin nan ya kai ta Abijan ita kaɗai da jariri, wa za ta tambaya? Da wane baki?"

Sai a lokacin ta gane ɓarnar da ta yi. Ta dubi teku. Jirgi ya zama ƙarami. Ba a ma gane Inna a cikin mutane.

Ɗan dakon nan ya ji tausayinsu. Ya ce jirgin zai tsaya a Tema, a ƙasar Gana, ba zai tashi ba sai gobe da la'asar. Ya kai su zango wurin wani Alhaji Gajere, mutumin Waca, mai fataucin albasa. Alhaji ya ji labari ya yi salati.

Ya ce, "Kamiyona, babbar motar kayana, na tafiya can gobe da asuba. Ku hau. Amma wuri sai kan buhuna."

Haka aka yi. Yarinyar da aka saya wa gado a jirgi, ga ta a kan buhun albasa. Rana na dukanta, warin albasa na sa ta hawaye.  

A bakin iyaka aka duba takardu, aka sallame su. Kowa ya hau. Amma mota ba ta tashi ba.

Yarinyar ta ce, "Me ake jira?"

Yaron mota ya nuna wata hula a kan buhu. Ya ce, "Mai wannan ya je cin abinci."

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Mai hula shiru. Yarinyar ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Tana tuna Inna da hannuwanta a sama. Can ga mutumin nan yana tahowa, yana sakace, ko sauri ba ya yi.

Haushi ya turnuƙe ta. Ta ce, "Baba, dubi yadda yake tafiya! Don mutum ɗaya a tsayar da mato guda? Bai san mutane na da uzuri ba? Wannan ai son kai ne!"

Baba ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Ai ya bar alama."

 Ta tuna motar Doso da mutanen da ke zufa. Wa ya san uzurin da ta ɓata musu ranar nan? Ta fashe da kuka, wannan karon ba na albasa ba.

Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Ni ce mai son kai."

Ya dafa kanta. Ya ce, "Roƙi Allah dai mu same su."

Suna shiga tashar Tema, jirgi ya yi busar farko. Ba wanda ya ce mata ta yi sauri. Ta diro daga mota, ta riƙe hannun Baba, ita ce ma take jansa. Suka hau tsani suna haki.

Inna Laraba na zaune a kan bencin nan. Idanunta sun kumbura. Tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba, sai ruwan da wata mata ta ba ta. Ta rungume 'yarta, ta daɗe ba ta sake ta ba. Sannan ta ture ta baya kaɗan, ta kama kunnenta.

Ta ce, "'Yar nan, kin so ki kashe ni da raina." Ta miƙo mata jan kallabi. "Ungo. Shi ya fi ki hankali, bai sauka ba."

Yarinyar ta durƙusa ta nemi gafara, Inna ta yafe mata. Daga nan tafiya ta yi daɗi. Suka ga kifaye suna tsalle a gefen jirgi. A Abijan Baffa Isufu ya tarye su, ya zaga da su ko'ina. Rabe har ƙiba ya yi.

Da aka koma makaranta, Mushe Yero ya ce ta fito gaban aji. Ta kwance bakin kallabinta. Katantanwa 'yan kaɗan ne, waɗanda ba su zube ba. Yara suka yi ta karɓa suna juyawa.

Mushe ya ce, "Ina cike da ƙwaryar?"

Ta ba da labarin duka, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, "Duk wanda zai shiga jirgin ruwa, ya ci abinci kaɗan, ya riƙe citta. In an sauka a wani gari, kada ya rabu da iyayensa. Da ya ji busa ya koma. Jirgi ba ya jiran kallabi. Kuma ko a tasharmu ta nan, ba kyau ka sa mutane jira don ka bar alama."

Mushe Yero ya ce, "Kun ji, yara. Al'adar garinku ba ita ce dokar duniya ba. In wanda ya riga ku zuwa wuri yana ba ku shawara, ku saurara har ya gama." Ya juyo wurinta. "Akwai kuma wani abu da ban ƙarasa gaya miki ba ranar nan."

Duk ajin suka zuba mata ido, suna jiran kalmar da suka saba ji.

Yarinyar ta haɗa hannuwanta. Ta ce, "Ina saurare, Mushe."