Kwamfuta Ɗaya, Kujera Biyu

Auta na goge kofuna a falo yayanta ya faɗo ko sallama babu.

"Baba, da idona na gani! Ita da wani zanƙalelen yaro, kwamfuta ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa!"

"Yaya, tsarin kos ɗin ne! Lakcara ne ya haɗa mu bibbiyu—"

"Shi ya ce ki riƙa washe masa baki?"

Wannan kam ba lakcara ne ya sa ta ba. Wata biyu ke nan suna rubuta manhajar kwamfuta tare da yaron, Dogo, kuma ta sani ba don maki kaɗai take ɗokin zuwa aji ba.

Baba, tsohon kafinta, ya cire tabarau. "Daga yau ki yi aikinki ke kaɗai. Na gama magana."

Da ta faɗa wa Dogo tana kuka, cewa ya yi, "Kada ki saɓa wa Baba. Zan jira." Lakcara ya ba shi wani abokin aiki, ya ƙi, ya yarda a rage masa maki.

Mako biyar Auta ta yi ita da bango. Ta saba faɗin abin da take rubutawa a bayyane, bakin ya ƙi dainawa. "Duba min layi na arba'in," za ta ce, ta waiwaya, ta tuna ba Dogo a gefenta. Manhaja ta ƙi tashi, abinci ya huce a kwano. Ba ta kira shi ba ko sau ɗaya.

Wata rana da la'asar Baba ya leƙo. "Da wa kike magana, Auta?"

"Ba kowa, Baba."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, yana kallon yadda ta rame. "Ce wa yaron nan ya zo. A falo, a gabana."

Dogo ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba. Yaya ya harare shi. "Kai dai tsawo kamar falwaya. Ja kujerarka baya!"

Suka fara. Auta na bugawa, ta yi kuskure, manhaja ta tsaya cak. Baba ya lura idon yaron ya sauka a kan kuskuren tun tuni, amma hannayensa na kan gwiwa.

"Sake karanta min layin nan," in ji Dogo a hankali. Ta karanta, ba ta gani ba. Sai a karo na uku ta ce, "Kash! Ashe alamar baka na buɗe ban rufe ba!"

"Kai yaro," in ji Baba, "tun ɗazu ka gani. Me ya hana ka karɓa ka gyara?"

"Baba, lokacinta ne. Wanda ke gefe baki gare shi, ba hannu ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya tuna marigayiya matarsa, da yawan abin da ya fizge daga hannunta yana cewa "kawo nan".

"In kun gama jarrabawa," ya ce, "ka turo magabatanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Haƙuri bai ba ta kunya ba. Wanda ya ga kuskurenka ya jira ka gano da kanka, shi ne abokin zama.