Wanda Ya Kama Igiyar Marziya

Ranar da Marziya ta sauko daga kwas ɗin hawan duwatsu, babu wanda ya kai mahaifinta Rozi fara'a a ƙauyen Hushe. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon kayan baƙi a kan ƙanƙara, yau 'yarsa ce ake koya wa yi musu jagora. Har akuya ya yanka, kuma duk wanda ya san maƙon Rozi ya san abin ya kai.

Rana ta faɗa bayan duwatsu da wuri, kamar yadda ta saba a kwarin. Matarsa Bano ta ɗora shayin gishiri. Marziya tana zaune, jakarta a cinya, igiyar hawa tana leƙowa daga ciki. Ba ta taɓa naman ba. Ta ce sanyi take ji, alhali gwiwarta tana gogar murhu.

Sai dutse ya faɗo ta kafar hayaƙi da ke rufin ɗaki, ya tarwatsa tukunyar shayin.

Rozi ya fita da zagi a bakinsa, yana neman ɗan gidan uban wa ne. Babu kowa a kan soro. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, nan take ya sake shi. Ƙanƙara ce daskare a jikinsa, ga shi ana tsakiyar girbin sha'ir. Dutse na biyu ya sauka a kafaɗar Bano har ta durƙusa.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Jifa ya fasa tagogi, ya kashe tunkiya a turke, ya tsaga goshin wani maƙwabci da ya zo kallo. Daga ƙarƙashin daɓe ake jin murya can nesa, kamar daga cikin rijiya, tana cewa, "Ja." Igiyar nan kuwa sai ta naɗe ƙugun Marziya da kanta, ta fizge ta a ƙasa har bakin ƙofa. Rozi ya daddatse igiyar ya ƙone. Washegari aka ci gaba da jan yarinyar babu igiya, shatinta yana fitowa a fata da jini.

Sannan yatsun ƙafarta suka fara baƙi. Rozi ya san wannan baƙin, ya gan shi a jikin 'yan dakon da sanyi ya ci. 'Yarsa za ta daskare ta mutu a ɗakin da wuta ke ci.

Da hantsi, lokacin da take cikin hankalinta, ya tsare ta da tambaya. Ta ce malamansu sun zura buhun duwatsu cikin wata tsagar ƙanƙara mai zurfi, don a koyi ceton wanda ya faɗa. Da layi ya zo kanta, ta jefa igiya ta yi kira.

"Da sunan wa kika kira?"

"Ata," in ji ta, don haka take kiran mahaifinta, "buhu ne fa. Buhu yana da suna ne? Cewa na yi, wanda ke ciki ya kama."

Duk tsohon ɗan dako ya san ba a kira cikin tsaga sai an ambaci sunan wanda ake nema. Rozi bai taɓa zaton 'yarsa za ta tsaya a bakin tsaga da wuri haka ba.

"Ya fito da nauyi," in ji ta a hankali. "Ya fi wanda aka zura."

Aka sauka kwari aka ɗauko Ahun Mahdi, tsohon malamin da ya san kan irin wannan aiki. Ya iso rana tana ja, ya sa aka turara ɗakin, ya zauna ya fara karatu. Bai yi nisa ba Marziya ta miƙe, ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta maka da bango. Tsohon ya tofar da haƙori da jini, ya ci gaba daga ayar da ya tsaya. Sai da ƙartin maƙwabta suka taru kafin aka danne ta.

"Wane ne kai?" in ji Ahun.

Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, mai kauri, tana fita da tururin sanyi.

"Ni ba ɓarawo ba ne, tsoho. Gayyata ta aka yi. Tun kafin kakanka nake cikin tsagar nan, kowa ya zo sunan nasa yake kira. Ita ce ta ce wanda ke ciki."

"An ji. Ka koma inda ka fito."

"Na ɗanɗana ɗumi. Sai na shanye nata."

Ahun ya ɗaga murya da karatu. Aljanin ya yi ƙara, ya kama buga kan yarinyar da daɓe har jini ya wanke mata fuska. Bano ta faɗi sumammiya.

"Ci gaba," in ji aljanin, "za ka fitar da ni daga gawa."

Ahun ya tsagaita. Ya yi masa tayin akuya, ya yi masa tayin sa. Aljanin ya yi dariya.

"Hannuwan da suka jawo ni nake so. A ba ni ɗuminsu in tafi."

Rozi ya dubi hannuwan 'yarsa, waɗanda duk burinta ke kansu. Tsoro ya cika shi, amma ya matso.

"Kai baƙo, ni na koya mata ƙulla igiya tun tana 'yar mitsitsiya. Hannuna ne suka jawo ka."

"Rozi," in ji Ahun, "ba a ciniki da su a kan jikin ɗan Adam."

"Ahun, kai dai yi karatunka."

Ya miƙa hannuwansa. Marziya ta damƙe su. Aka ji ƙara irin ta ƙanƙara idan tana tsagewa, Rozi ya cije leɓe har ya huda shi, bai janye ba. Wutar murhu ta mutu. Ƙofa ta ɓalle daga mazauninta, wata iska ta fice ta nufi dutse.

Marziya ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Ata, zafi nake ji." Rozi ya ɓoye hannuwansa a bayansa. Sun yi baƙi ƙirin har wuyan hannu.

A asibitin Skardu aka yanke masa yatsun duka. Marziya ta warke, amma ta rantse ta bar hawa har abada. Ita ke ba shi abinci a baki, tana yi tana kuka.

"Ke, rufe mana baki," in ji shi wata rana. "Na bar miki hannuwa ne don ki zauna kina mini ɗura kamar jariri? Uwarki ta iya."

Da ƙanƙara ta narke a hanya, Marziya ta ɗauki jakarta ta hawa. Ya raka ta har bakin gada, ya tsaya yana ɗaga mata dungulmin hannunsa har ta shige bayan dutse. Sannan ne hawaye suka zubo masa, ya tsaya a wurin, sai da Bano ta zo ta share masa da gefen mayafinta.