Ruwan da Ya Koma Gindin Ɗakin Jannatu

Laraba ce, tsakiyar marka. Tun azahar hadari ya tsaya a gabashin Matameye, bai zubo ba, bai tafi ba.

Cha'ibu na zaune a tsakar gida yana duban aikin hannunsa. Ɗakin matarsa Jannatu, wadda ta rasu bara da kaka, shi ne a ƙasan gangaren gidan. Duk ruwan indararo ta gindinsa yake bi ya fita, ya ci bangon har hannu na shiga. Shi kuwa bai yarda ɗakin nan ya faɗi ba. Kwanukanta na jere yadda ta bar su, zanenta na kan igiya. Don haka kafin damina ya kawo jar ƙasa a amalanke, ya cike gindin ɗakin, ya daɓe, ya ba shi gangara, ya toshe tsohon makwarari. Ya haƙa sabo ta yamma, ya zura ruwan cikin wani tsohon rami a bayan katanga, inda kakansa ya ɗebi ƙasar gina gidan.

Da ranta, Jannatu ko ruwan wanke-wanke ba ta bari a watsa wajen ramin nan. Shi ya ɗauka tsabtar mata ce kawai.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo tsakar gida, jiƙe da laka. Sai wani. Ya leƙa waje, ba kowa. Sai kukan mace daga bayan katanga, ƙasa-ƙasa, irin na wadda ta gaji da kuka.

'Yarsa Najaha, ita kaɗai ta rage masa a gidan, tana tuƙa tuwo. Ta saki muciya.

"Baba, sanyi nake ji."

Ya taɓa ta. Rigarta sharkaf, alhali ko ɗigo bai sauka ba.

Daga ranar ta daina ci. Rana na yin ja sai ta je bakin sabon makwarari ta durƙusa, tana tura ƙasa da hannu, tana rarrashin jaririn da ba kowa ke gani ba. Ya kai ta likita, ba a ga komai ba. Da ya ga wuyanta ya fara zama kamar kara, ya hau mota zuwa Yauri ya ɗauko Malam Iliyasu, tsoho mai karatu, wanda aka sani da irin wannan aiki.

Bayan la'asar Malam ya sa aka shimfiɗa mata tabarma. Ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba su motsa ba. Can Najaha ta ɗago kai, muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dushe.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Tun ba a haifi uban mutumin nan ba muke cikin ramin."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Shi ya yi. Ruwan farko da ya turo mana, ɗana na barci."

Cha'ibu ya juya ya dubi sabon makwararin da ya haƙa.

"Jannatu ta san da mu," in ji muryar. "Ba ta taɓa jiƙa mu ba. Ranar da aka fita da ita, har ni na yi kuka."

"Wallahi ban sani ba," in ji Cha'ibu.

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa dutse na jefa, ba wuta ba. Amma ka ɗauki nawa, zan riƙe taka."

Malam ya matso. "Ke Musulma ce?"

"Musulma ce."

"To ki ji tsoron Allah. Wani ba ya ɗaukar nauyin wani. Faɗi abin da za a yi ki fita."

Ta daɗe tana kuka da idanun Najaha. Sannan ta ce, "Sauran 'ya'yana na cikin laka. Ya mai da ruwa hanyarsa ta dā."

Cha'ibu ya dubi kudu, katangar maƙwabcinsa Lawwali ce. Ya dubi arewa, tudu ne, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Hanya ɗaya ce, ya san ta.

"Ɗakin zai faɗi," ya ce, a hankali.

"Ɗaki ne. Kai ka binne taka, ka san inda take. Ni ruwa ya tafi da nawa."

Ya dubi ƙofar Jannatu. Ya dubi yarinyar, mai goshin uwarta, da laka a ƙarƙashin farce.

"Na yarda."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Najaha ta yi atishawa, ta zube. Da ta farka sai ta ce, "Baba, tuwon ya ƙone?"

"Bai ƙone ba," in ji shi, ya juya fuska.

Washegari da ya dawo daga masallaci ya buɗe ɗakin. Ya fito da kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe zanen ya ajiye kusa da kan Najaha tana barci. Ya je yamma ya yi sallama a bakin ramin, ya toshe sabon makwarari, ya daɓe da ƙafa. Sannan ya ɗauki fartanya ya tsaya a gindin ɗakin Jannatu. Hadari na haɗuwa a gabas. Ya yi bismillah, ya fara sara.