Layin da Labaran Ya Tsallake

Zare ne ya yanki yatsan Atika a masaƙar da take aiki a Bompai, cikin damina ta 1987, aka tura ta asibitin ma'aikata. Mai ɗaurin ciwo bai zo ba, sai Gwadabe mai gwajin jini ya ɗaure mata. Ciwon bai kai ƙwayar gero ba, amma bawan Allah ya ce lallai ta dawo gobe a duba. Sau biyar ana dubawa.

Kafin Gwadabe ya tafi ƙaro ilimi Zariya, manyansa suka kai gaisuwa wurin mahaifinta, Malam Idrisu, aka karɓa.

Wasiƙar Gwadabe ce ta ɓata lamari. Ta iso gida lokacin Atika na wurin aiki. Malam ajami kawai yake karantawa, ban da boko, don haka ya miƙa wa maƙwabcinsu Labaran, wanda shi ma ya daɗe yana son Atika. Labaran ya karanta da ƙarfi:

"Atina, abin da nake bincike a kansa yana cikin jikina. Wani sinadari ne, idan ƙwayar cuta ta shiga mutum, shi take kamawa ta hayayyafa."

Nan ya ninke takarda, ya girgiza kai.

Da Atika ta dawo Malam ya ce, "Yaron nan ciwo gare shi a jini. Ba zan ba shi ke ba." Ya kulle wasiƙar a akwati. Kwana shida tana ƙulla zare hawaye na zuba, tsoron rasa shi da tsoron ciwon duk sun haɗe mata.

Da labari ya kai masa, ranar Juma'a Gwadabe ya zo, ya durƙusa, ya roƙi a ba Atika wasiƙar ta ƙarasa. Ta karanta:

"Kada ki tsorata, Atina, kowane ɗan Adam da shi aka haife shi. Saƙon ƙwayar cutar kamar zare yake a cukurkuɗe, shi kuma aikinsa warwarewa, irin naki."

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Kowa da kowa?" in ji Malam.

"Har ku, Baba."

"Ni? Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka haife ku."

Malam ya duba tafin hannunsa, ya juya bayansa. "Shekara sittin ina ɗauke da abu, ko ciwon kai bai sa ni ba. Ku kira min Labaran!"

Aka ce ya tafi Dakata tun da hantsi.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha Malam ya riƙe hannun ango.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Amma Gwadabe, in za ka sake rubuto wasiƙa gidana, ka yi ta da ajami."