Minti Na Sha Ɗaya

"Mayar da shi baya kaɗan," in ji Malama. "Minti na sha ɗaya."

Auta ta miƙa hannu ta mayar da naɗin baya.

Ban da ita, su goma sha huɗu ne a ajin, duk masu koyon aikin sasanta ma'aurata, sun kewaye dogon teburi, wayarta tana tsakiya an jona ta da 'yar sifika. Aikin da Malama ta ba su ba wani mai wuya ba ne. Kowa ya naɗo muryarsa yana saɓani da wani nasa, da izinin mutumin, da sa hannunsa a fom, a zo a saurara tare a ga wa ya iya sauraro.

To ita Auta matsalarta ɗaya, mijinta ba ya faɗa. Kafinta ne, irin mutumin da ko ƙafarsa ka taka shi zai riga ka cewa sannu. Mako biyu tana jiran su saɓa, shiru. Da ta ga ranar kawo aiki ta matso, sai ta kifa wayar bayan gwangwanin sukari, ta danna, ta tare shi da tsiya tun bai cire takalmi ba. Fom ɗin kuwa ita ta sa masa hannu.

Muryarta ta sake cika ajin.

"Ba ka jina! Wata nawa ina magana kamar da bango nake yi? Sai na kira ka sau uku kafin ka waiwayo! Raini ne ko me?"

Ƙarar famfo. Ƙarar kwanuka.

Malama ta ƙara murya har ƙarshe, ta ɗaga yatsa. Can ƙarƙashin ruwan sai ga tasa muryar, ƙasa-ƙasa.

"Auta... kunnen ne. Na hagun ya daina ji. Na daman ma ya fara..."

"Ka gani ko?" muryarta ta hau kan tasa. "Ko yanzu ma wata maganar kake yi daban!"

Malama ta kashe.

Ta dubi Auta.

"Kin ji wannan lokacin da ya faɗa?"

Auta ta girgiza kai. Wallahi ba ta ji ba. Abin takaicin ma, sau biyu ta saurari naɗin a gida kafin ta kawo shi, amma muryarta take bi, tana duba ko ta yi amfani da kalmomin da aka koya musu.

Malama ta jawo fom ɗin, ta daɗe tana kallon sa hannun ta saman gilashinta.

"Ya san za mu ji wannan?"

Auta ta kau da kai.

"Auta, da ke nake. Hannunsa ne?"

"...Nawa ne, Malama."

"Inna lillahi. Goge shi yanzu, a gabana." Ta juya ga sauran. "Ku kuma kun san doka. Abin da aka ji a ɗakin nan, a nan yake mutuwa."

Kowa ya gyaɗa kai. Har da Mai Turare, wadda ta fi kowa gyaɗawa. Ita ce aminiyar yayar mijin Auta, ita aka so ya aura tun farko ya ce a'a, kuma har yau idan sun haɗu a ƙofa sai ta kalli takalmin Auta kafin ta kalli fuskarta.

"Ayya, bawan Allah," ta ce tana dafa ƙirji. "Ayya..."

Ko tashar bas Auta ba ta kai ba wayarta ta ɗauki ƙara.

Yaya ce, yayar mijinta.

"Makarantar gyaran aure kika shiga ko ta tonon asiri?"

"Yaya, don Allah ki tsaya in..."

"In tsaya ki naɗe ni nima? Ƙanina yana kurumcewa, sai a bakin bare zan ji! Tun ranar da kika ce za ki koma karatu na ce masa yarinyar nan za ta mai da kai abin gwaji, ya ce ba halinki ba ne. To ga shi nan!"

Ƙit, ta kashe.

Auta ta tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, hawaye suna zuba ba ta ko share su. Ba zagin Yaya ne ya dame ta ba, ta saba da shi. Abin da ke cinta shi ne wata bakwai da ta yi tana tara masa laifi. Ranar da ta yi masa magana daga ɗaki bai amsa ba ta ƙi cin abinci. Ranar da ya ƙure rediyo ta ce don kar ya ji ta ne. Ranar da ya dawo da kwanciyarsa ɗaya gefen gadon, kwana uku tana gaba da shi, ashe bawan Allah kunnen da ke ji yake juyo mata.

Ta tare bas ɗin da ke zuwa layin shagonsa.

Tun daga nesa take jin kukan injin yanka katako. Shekara tara yana tsaye kan injin nan, ita kuwa minti biyar idan ta yi a wurin sai kanta ya sara. Ya ba ƙofa baya, garin katako ya yi masa fari a gashi. Yaya tana zaune kan wata sabuwar kujera da ba a shafa wa fenti ba, ta harɗe hannu.

"Maigida..."

Bai juyo ba.

"Maigida!"

Sai da ta zagaya ya ga inuwarta a kan katakon, sannan ya kashe injin.

"Ga ta nan, 'yar jarida," in ji Yaya. "A bincike jakarta tukuna."

"Yaya, don Allah ki ba mu wuri."

"Au, ni ce ma..."

"Don Allah."

Ta figi mayafinta ta fita tana cewa ai shi ya sani.

Ya zauna kan benci yana kakkaɓe tafin hannunsa, duk da babu abin da ya rage a kai. Bai kalle ta ba.

"Mutum nawa?"

"Sha huɗu... da Malama sha biyar."

"Sha biyar." Ya jinjina kai. "Duk sun ji."

"Sun ji."

"Ke fa?"

Maganar ta soke ta har ƙahon zuciya. Ta durƙusa a kan garin katakon, kuma don tsabar ruɗewa sai bakinta ya kama abin da ya hardace a aji.

"Abin da na fahimta kake cewa shi ne, ka ji ciwon..."

Ya ɗaga hannu.

"Kar ki yi mini wannan, Auta. Ni ba jarrabawa ba ne."

Ta haɗiye sauran.

"Sau uku na gaya miki," ya ce. "Na farko a bas, kina karanta takardunki, kika ce mini uhm. Na biyu ranar da na dawo daga asibiti, kika ce in bari ki gama rubutu. Na uku shi ne wanda kika kai musu."

"Asibiti? Kai kaɗai ka je?"

"Da wa zan je?"

Kuka ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi, bai ce ta yi shiru ba kamar yadda ya saba.

Akwai sauran abu ɗaya da ko Yaya ba ta sani ba. Idan ta yi shiru babu mai tona shi har abada. Amma ta san idan ta koma gida da shi ba za ta ƙara iya kallon idonsa ba.

"Faɗan ma..." ta ce. "Shirya shi na yi. Aikin aji nake nema, kai kuma ba ka faɗa, shi ne na tsokane ka."

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta.

"Shiryawa kika yi?"

"E."

"Ni kuwa tun ranar nake cewa a raina, shi ke nan, ta gaji. Har na fara tunanin yadda zan sauwaƙe miki, kar ki ƙare rayuwarki kina yi wa kurma ihu."

"Wayyo Allah! Kar ka faɗi haka, don girman Allah ka yafe mini..."

Ya miƙe ya ɗauki zartonsa.

"Je ki gida. Ina da aikin mutane."

Kwana huɗu gidan ya zama kamar ba kowa. Yana gaishe ta, yana cin abin da ta dafa, yana cewa an gode, kuma wannan an goden ya fi mata zagi zafi. Malama ta kira ta ofis ta ce sai ta maimaita zangon gaba ɗaya, ita kuma Mai Turare an sallame ta saboda fitar da sirrin aji. Auta ko a jikinta, satifiket ɗin ya fita daga ranta. Yaya kuwa kullum sai ta bugo waya ta ji ko an yanke shawara.

Ran na biyar tana zazzage aljihun wandonsa za ta yi wanki, sai ga katin asibiti, an ninke shi huɗu. Sashen kunne. Yau, ƙarfe goma.

Ta bar wankin a jiƙe.

Lokacin da ya shigo dogon barandar asibitin, ya same ta zaune a benci tsakanin wani tsoho mai auduga a kunne da wata mata mai goyo. Har ta karɓar masa lamba, tana riƙe da ita hannu bibbiyu.

Ya tsaya a kanta.

"Ba ki da aji yau?"

"Babu." Ta sunkuyar da kai. "Ba na ce ka yafe mini ba. Kawai kar ka ƙara shiga ɗakin nan kai kaɗai."

Ya dubi lambar da ke hannunta. Sannan ya ce wa tsohon, "Baba, ɗan matsa mini," sai da ya maimaita da ƙarfi tsohon ya matsa. Ya zauna ya sa ta a damansa.

Ta yi wa kanta alƙawari yau ko za ta mutu ba za ta katse shi ba.

"Likita ya ce na hagun ya tafi," ya ce yana kallon bango. "Na daman za a gwada sa masa na'ura, in kuma rage tsayuwa kan injin. Wataƙila ya tsaya haka, wataƙila ya bi ɗan'uwansa. Bai yi mini alƙawari ba." Ya juyo ya dube ta. "Tsoro nake ji, Auta."

Ta kama hannunsa, duk ya yi kanta, ga tabon ƙusa, ta riƙe gam. Bai janye ba.

Aka kira lamba ta takwas. Aka kira ta tara. Har yanzu ba ta yi magana ba.

"Wai shirun na mene ne?"

"Sauraronka nake yi."

"To na gama." Ya ɗan murmusa, karo na farko cikin kwana biyar. "Kwana huɗu kin hana ni muryarki, alhali ban san kwana nawa ya rage mini in ji ta ba. Yi magana, zuciyata. Ko faɗan ne ma ki yi... amma na gaske."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta matso da bakinta dab da kunnensa na dama.

"Kai ma ai ba ka kyauta ba, wata bakwai! Da ka kashe famfon ka girgiza ni!"

"Ƙara faɗa."

"Na ce ba ka kyauta ba, masoyina..."

Ya lumshe ido.

"Na ji," ya ce. "Wannan kam na ji."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira lambarsu, suka miƙe tare.