Ranar Intabiyun Radiyya

Ƙarfe takwas na safe wata budurwa, Radiyya, ta shigo ofishin 'yan sanda a Haɗeja, idanunta jajur. An ɗauke jakar takardun karatunta, ga shi ƙarfe sha ɗaya za a yi mata intabiyu na aikin jinya.

Insifeta Haris ya bi ta gida. Ba a fasa ƙofa ba, wayarta ma tana nan inda ta ajiye. Sai dai murfin akwatin da take ajiye jakar yana ƙarnin kifi.

"Wa ke kamun kifi a gidan nan?"

"Babana, Malam Badamasi."

A bakin kogi suka same shi, zaune cikin kwalekwalensa.

"Baba, tun yaushe kake nan?" in ji Insifeta.

"Tun asuba nake jan taru, yallaɓai."

Insifeta ya taɓa tarun, ya ji shi a bushe ƙamas.

"Ɗan ɗaga tabarmar da kake zaune a kai."

Tsohon ya ɗaga tabarmar. Ya zaro jakar da kansa, ya miƙa, kansa a sunkuye.

"Ji na yi ana ce mata a waya ta zo intabiyu. Shekarar rikicin gona a Auyo, haka wasu jami'ai suka ce mini, wai intabiyu ne kawai. Kwanana tara a kulle. Na ce in babu takardun nan, ba ta zuwa."

"Haba Baba! Me ya hana ka tambaye ni?" in ji Radiyya.

"Da wane ido zan ce wa 'yata ban san abin da kalmar take nufi ba?"

Insifeta ya kawar da kai. Shi kansa bai san sau nawa ya yaudari mutane da wannan kalma ba don su biyo shi salin alin.

"Baba, intabiyu zama ne na tambaya da amsa. Ɗan jarida yana yi, mai ɗaukar ma'aikata yana yi. Nata na neman aiki ne."

Masunta sun taru suna kallo. Tsohon ya rufe fuska da hularsa, Insifeta ya riƙe hannunsa har mota.

"Kulle ni za ku yi?"

"Za mu sauke ta a wurin intabiyun tukuna, sannan ka ba da bayani a rufe ƙara. Wallahi yau a gidanka za ka ci tuwo."