Madubin Bindigar Sallau

Wa ya aike ki ƙarƙashin gadona, Laraba? Tsintsiya na ce ki ɗauko, ban ce ki kwance mini ƙunshi ba. Ajiye shi. Kada ki kai shi ido. Kai ma Ɗantani, janye hannunka. Ba ku iya ganin abu ku ƙyale, sai kun tambaya, kamar tambaya tana cika ciki. To, ku zauna. Ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Sau ɗaya zan faɗa.

Madubin bindiga ne. Na kakanku Sallau ne.

Sallau maharbi ne, ɗan maharbi. A Tungar Kanya, in aladun daji suka shiga rogo, a ƙofar gidansa ake sallama. Alade kuwa ba ya fitowa da rana tsaka. Sai rana ta faɗi, a ɗan tsakanin nan da kare da akuya suke zama abu ɗaya. A daidai wannan lokaci ne ido ya fara cin amanar Sallau. Dundumi. Da hantsi yana hango kaska a wuyan saniya. Da magariba sai ya laluba ƙofar ɗakinsa. Bai gaya wa kowa ba. Ni matarsa a tuntuɓensa na gane, na kuma kama bakina.

A shekarar aladu suka cinye gonaki huɗu. Sau biyu ya fita, sau biyu ya harbi duhu. Mai gari ya fara zancen a kirawo maharbin wani gari. A gidansu Sallau, tun kakanni, ba a taɓa kiran bare ba.

Sai ya saɓa bindiga ya tafi birni, wurin Kofur Baƙo, tsohon soja mai gyaran bindigogi. Kofur ya ajiye masa madubi biyu a kan buhu. Ɗaya siriri mai sheƙi, ɗaya baƙi mai ƙaton baki.

Sallau ya kai hannu kan mai sheƙin.

Kofur ya ce, "Amarya za ka zaɓa ko abokin aiki? Wannan na rana ne. Ɗauki mummunan. Faɗin bakinsa shi ke tara haske, kamar ƙwarya a ƙarƙashin indararo. Ɗan abin da ya rage a sama, shi zai kwaso maka."

Sallau ya kara a ido. Can a katangar nesa ya ga ƙadangare yana gyaɗa kai, har maƙogwaronsa. Bai yarda ya sake shi ba.

Kofur ya ɗaura shi a kan bindiga, yana ɗaure kusoshi bi da bi, kada ɗaya ya fi ɗaya. Ya ce a bar yatsu huɗu tsakanin ido da gilashi, in ba haka ba bindiga za ta tsaga masa gira. Ya nuna masa zare biyu da suka gitta juna a ciki. Ya nuna masa kunnuwa biyu da ake murɗawa, na sama yana ɗaga harsashi ko ya sauke shi, na gefe yana kai shi dama ko hagu.

"Taku ɗari. Harbi uku. Ka je ka ga inda suka faɗa, ka dawo ka murɗa. Ka saita shi a irin hasken da za ka yi farauta."

"Wannan zoben fa?"

"Shi ke jawo abu kusa. Bar shi ƙasa-ƙasa. In ka ƙure shi, za ka ga kunnen alade, ba za ka ga wanda ke tsaye a gefensa ba. Kuma ka tafi da mutum."

"Mutum na me?"

"Ya duba maka inda ba ka dubawa."

Bai tafi da kowa ba. In ya tafi da mutum, mutum zai ga tuntuɓe.

Ya ɗauki farin murfin kwanona. Ya bi ta bayan gari zuwa fadama, inda wani tsohon suri yake, ya fi mutum tsayi. Dabara ce mai kyau, suri yana tare harsashi. Ya jingina murfin a gindinsa. Ya ƙirga taku ɗari. Ya kwanta, ya ɗora bindiga a kan jakar yashi.

To, ubansa ya koya masa abu ɗaya. Ba a harbin suri, ba a zuba masa ruwan zafi, sai an ce salamu alaikum, masu gida a gafara, a jira numfashi uku. Sallau ya sani. Har ya buɗe baki. Sai ya dubi sama, ya ga haske yana zubewa. Ya rufe bakin. Ya murɗa zobe har ƙarshe, murfi ya cika masa ido, ba suri, ba ciyawa, ba komai.

Ya harba. Ya harba. Ya harba.

Ya je ya duba. Huda uku, kusa da juna, ƙasa ta hagu. Ya dawo ya kwanta. Ya kara ido, bai sami murfin ba. Ya sassauta zobe don ya nemo shi, duniya ta buɗe.

Mace ce zaune a gindin surin, da goyo a baya.

Ya ɗaga kai daga madubi. Duhu. Ya mayar da ido. Babu kowa.

"Sannu da aiki, maharbi."

A gefensa take. Bai ji takunta ba. Kwaɗin fadama duk sun yi shiru. Kuma bakinta ya riga ya rufe kafin muryar ta iso, kamar yadda ake ganin hayaƙin bindiga daga nesa sannan a ji ƙara.

Ya ce, "Baiwar Allah, kauce daga nan. Harbi nake."

"Na sani. Ta ɗakina yake bi."

Yana kwance, fuskarsa dab da ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon inda ta fito.

Ta ce, "Na farko ya fasa tulu. Na biyu ya tsaga ƙyaure." Ta gyara majanyin goyonta. "Na uku."

Wata 'yar ƙafa tana reto a ƙugunta. In uwar ta motsa, ƙafar ta motsa. In ta tsaya, ta tsaya.

Sallau bai ji tsoro ba. Ya gaya mini bai ji komai ba. Jikinsa ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ya nemi addu'a, bai sami farkonta ba.

Ya ce, "Ki yi abin da za ki yi."

"In na yi, ɗana zai tashi?"

Ya dubi 'yar ƙafar.

Ta ce, "A bakin ƙofa yake rarrafe. Ubanka yana ba mu numfashi uku. Yana isarmu." Ba kuka a muryar, ba faɗa. Kamar mai faɗin yadda aka yi ruwa jiya. "Kama abinka. Na sama, huɗu. Na gefe, biyu, zuwa dama."

Hannunsa ya kama kunnen madubi. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Ya kama na gefe. Ƙas, ƙas.

"Ya zauna. Ba zai ƙara kaucewa ba. Saura kai."

Ta durƙusa. Ta ce, "Nono ya taru, babu mai sha. Kada ya lalace." Ta tatsa a tafin hannu, ta ɗiga masa a idon dama, yadda muke yi wa jariri mai ciwon ido. Sanyi ya ratsa shi har ƙeya. Da ya buɗe ido, tana can tana tafiya, 'yar ƙafar tana reto. Yana ganinta sarai. Yana ganin kowane ganye. Magariba ta zama masa hantsi.

Ya dawo gida ba tuntuɓe ko ɗaya. Ya miƙa mini murfina. Na sa masa tuwo, ya ci. Na tambaye shi ko miya ta ji gishiri, ya ce bai sani ba.

Washegari da yamma ya fita gonar rogo, mai gari da mutane suna jira a bakin hanya. Aladu bakwai suka fito. Ya ɗora zaren a kafaɗar babban. Sai ya ga a bayan aladen wani tsoho yana gyaran tabarma. Ya karkata kan na biyu. 'Yan mata biyu suna kitso. Na uku, wata tana tankaɗe. Duk inda bakin bindiga ya juya, akwai mai zama. Dajin da ya yi shekara talatin yana ɗauka fili ne, ashe gari ne.

Ya ce, "Salamu alaikum, masu gida a gafara."

Ya jira numfashi uku. Ya jira goma.

Suka ɗaga kai suka dube shi. Ba wanda ya matsa.

Aladu suka ci rogo suka ƙoshi a gabansa. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya wuce mai gari a bakin hanya.

Mai gari ya ce, "Sallau, ba ka gansu ba ne?"

"Na gani."

Aka kirawo maharbin wani gari. Aka yi ta cewa ido ne ya kashe wa Sallau farauta, bai musa ba. Ya kwance madubin, ya naɗe a tsumma. Ya kama fartanya. Shekara goma sha tara ya yi bayan haka, kuma kullum rana ta faɗi, sai ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Ku kun ɗauka tsufa ne.

Murfin kuwa kun san shi. Shi nake rufe tukunyar daddawa da shi, hudojin suna fitar da tururi. Abu ba ya lalacewa a gidana.

Kada wanda ya bi hanyar fadama shi kaɗai bayan la'asar, ko akuyar wa ta ɓata. Laraba, naɗe shi yadda kika same shi, bakin gilashin ya kalli ƙasa. Ɗantani, ruwan wanke-wanken nan da zafinsa, in za ka watsar a waje ka yi magana tukuna, ka jira.

Ku tashi ku kwanta. Na kashe fitila.